KEKEN DAKO MAI BATIR: A TANADI CAJI DA MAI GYARA KAFIN A SAYO

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, tare da shugabannin da ke riƙe da amanarmu, a kan wani abin hawa da ake ta zancensa a duniya yanzu, wato keken dako mai aiki da batir, wanda ake raba saƙonni da ƙananan kaya da shi a cikin gari. Ra'ayina a taƙaice shi ne wannan keke zai yi mana amfani ƙwarai a tsakanin tasha da ƙofar shago, amma fa sai an fara tanadin wurin caji da mai gyara da kuɗin sake batir tukuna. In aka sayo shi ba tare da waɗannan ba, to, an sayo mana tarkacen ƙarfe ne kawai.

Bari mu fara da inda ke yi mana ciwo. Yawancin kayan da muke sayarwa a wannan yanki daga Kano suke fitowa: kayan masarufi daga kasuwar Singa, atamfa da yadi daga Kantin Kwari, kayan koli daga Sabon Gari. A da sai mutum ya rufe shagonsa ya shiga mota ya yi tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kazaure, ya yini a birni, ya dawo da dare. Yau kuwa da yawanmu waya muke bugawa, mu tura kuɗi ta wurin mai POS, abokin ciniki ya ɗaure kaya ya rubuta suna da lambar waya a jikin kwali ya ba direba. Mota ta biyo ta Ɗambatta ta sauke a tasha. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. To amma daga tashar zuwa shago, ko zuwa gidan matar da ke sana'arta a cikin ɗaki, nan ne gizo ke saƙa. Tafiyar ba ta da nisa, amma kuɗinta ya yi nauyi.

Kowa ya san dalili. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da gwamnati ke cewa a sayar ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Tun daga nan farashin yana hawa yana sauka, amma bai ƙara komawa kusa da inda ya baro ba. Ɗan acaɓa ba shi da laifi in ya ƙara kuɗi, shi ma iyali gare shi. Mai A Daidaita Sahu ba shi da laifi, akwai balas da zai kai wa mai keke da yamma. Amma ka duba ɗan tireda wanda ya yi odar katan biyu na taliya da katan ɗaya na sabulu da ɗaurin ashana. Ribar da ke cikin katan ba ta taka kara ta karya ba, ga kuɗin mota daga Kano, ga na ɗan kamasho, ga na wanda zai kawo masa daga tasha. In ya ɗora kuɗin a kan kaya mai saye ya gudu, in bai ɗora ba ya ci uwar kuɗi. Haka ƙananan shaguna ke mutuwa a hankali ba tare da an ji ƙararsu ba.

To mene ne shi wannan keke? Ba wani abin mamaki ba ne. Keke ne mai ƙafa biyu ko uku, an ƙarfafa ƙarfensa, an yi masa akwati ko faffaɗan mazaunin kaya a gaba ko a baya. A jikin tayarsa ko wajen feda akwai ɗan ƙaramin inji mai aiki da lantarki, sai batir da ake cirewa a yi masa caji kamar yadda ake yi wa waya. Mai keke yana taka feda kamar kullum, inji kuma yana taya shi, ta yadda ko ya ɗauko nauyi ba zai ji jiki ba. A ƙasashen Turai doka ta ce ƙarfin injin irin wannan keke kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taya mutum da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa ɗaya. Ka ga ke nan ba abin tsere ba ne, abin aiki ne. Ba ya shan fetur, ba ya shan baƙin mai, ba shi da fulogi, ba shi da salansa, ba ya hayaƙi.

Manyan kamfanonin kai saƙo na duniya sun daɗe da gane amfaninsa. Kamfanin UPS ya fara gwada kekunan dako a birnin Hambug na ƙasar Jamus tun 2012. Yadda suke yi shi ne, da safe babbar mota ta kawo kwantena cike da saƙonni ta ajiye a tsakiyar gari, daga nan masu keke su riƙa ɗiba suna rabawa lungu-lungu. Kamfanin DHL yana da wani keke mai ƙafa huɗu da ya yi amfani da shi a Holan da Jamus, wanda akwatinsa ke ɗaukar kilo 125, wato ya ɗara buhun gero. Kamfanin Amazon shi ma ya buɗe irin wannan matattara a birnin Landan a 2022. Abin lura a nan shi ne, Turawan nan ba su ce keke ya maye gurbin babbar mota ba. Mota tana yin doguwar tafiya, keke yana ƙarasa gajeruwar. Jama'a, ashe ba tsarinmu ke nan ba? Su sai da suka kashe kuɗi suka kafa matattara. Mu kuwa tamu tana nan tun kaka da kakanni, sunanta tasha.

Kada wani ya ce ai wannan sai Turai. A birnin Kigali na ƙasar Ruwanda, kamfanin Ampersand ya fara ba 'yan acaɓa babura masu batir a 2019, kuma dabarar da ya yi ita ce mai babur ba ya zaman jiran caji. In batir ya yi ƙasa sai ya je tashar canji ya miƙa wanda ya ƙare, a ba shi cikakke, ya biya kuɗin wutar, cikin 'yan mintoci ya kama gabansa. Abin ya karɓu har gwamnatin ƙasar ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. A nan gida Nijeriya, a 2020 kamfanin MAX ya gwada babura masu batir a wani ƙauye mai suna Gbamu-Gbamu a Jihar Ogun, inda ake yi musu caji da wutar sola ta ƙauyen. A Maiduguri kuma wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu na lantarki. Waɗannan duk babura ne da motoci, ba keken feda ba, amma darasin ɗaya ne: duk inda abin ya yi nasara, sai da aka fara warware maganar caji.

Yanzu bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Babur in ya ɗauki kaya yana tsayawa yana tashi a cikin gari, lita ɗaya takan kai shi wajen kilomita 40. A farashin ƙarshen 2024 wannan ya kama naira 1,000 ke nan, ban da baƙin mai da gyara. Batirin keken dako matsakaici yana cin wuta kimanin yunit ɗaya, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, kuma da kaya a kai zai iya yin kilomita 30 zuwa 40, gwargwadon nauyi da yanayin hanya. Lokacin da aka ƙara kuɗin wuta a Afrilun 2024, mafi tsadar yunit a ƙasar nan naira 225 ne. Ko da mai wurin caji ya ninka wannan kuɗi don ya ci riba, har yanzu bai kai rabin kuɗin fetur ba. Wannan ratar ita ce za a raba tsakanin mai keke da mai kaya: shi ya samu abin kai wa gida, mu kuma mu samu sauƙin dako.

Kuma ai keke ba baƙonmu ba ne. Dattawa suna tuna lokacin da keken Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, yake cikin abin da ake gane mai rufin asiri da shi. Da keke ma'aikacin gidan waya yake raba wasiƙu. Da keke ɗan koli yake cin kasuwannin ƙauye, ya ɗaura akwati a baya ya rataya jaka a gaba. Har gobe akwai masu kawo rake da itace da ganye a kan keke, suna turawa da ƙafa in sun zo hawa. Daga baya babur ya zo ya ture keke, sannan a Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, A Daidaita Sahu ya cika tituna, 'yan acaɓa da yawa suka dawo garuruwa irin namu. Abin da nake so mu lura da shi, duk lokacin da abin hawa ya canza, akwai wanda abincinsa ke ƙaruwa, akwai wanda nasa ke zubewa. Gara mu shirya wa canjin da kanmu da a ce ya zo ya same mu muna barci.

To ga sharuɗɗan da nake ganin sai an cika su.

Na farko, wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jiharmu tana cikin jihohi uku da kamfanin KEDCO ke raba wa wuta, tare da Kano da Katsina, kuma dukkanmu muna rataye ne da manyan layukan da ke tahowa daga nesa. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara sun ji a jikinsu. Da a ce a lokacin dakon garinmu ya dogara da keken da sai an jona shi a bango, da kaya sun ruɓe a tasha. In kuma aka ce a yi caji da janareta, to an koma gidan jiya, fetur ɗin da aka gudu shi aka tarar. Saboda haka wurin cajin ya zama na sola. Rana dai Allah ya hore mana ita, har kuka muke da yawanta. Farantin sola guda mai wat 300 zuwa 400 yana iya tara abin da ya kai yunit ɗaya da rabi a yini mai haske. Rumfa ɗaya a bakin tasha mai faranti goma tana iya ciyar da kekuna da dama, ta kuma yi cajin waya da fitila a samu ƙarin kuɗin shiga.

Wannan ba mafarki ba ne, domin mun ga irinsa a maƙwabta. A 2018 aka fara ba shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola. A 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero. A Janairun 2023 aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Mu ma nan Jigawa, tun 2018 Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince da tallafin dala miliyan 1.5 don share fagen wani babban shirin sola mai megawat 1,000, wanda aka ambaci Gwiwa a matsayin mazauninsa. Babban shiri yana da daɗin ji, amma mai shago ba zai jira shi ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. To a fara da rumfa, sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, batir. Shi ne zuciyar keken, shi ne kuma mafi tsada a jikinsa, kuma ba ya dawwama. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma, irin na mota, wanda ya fi araha amma ya fi nauyi ya kuma fi saurin mutuwa. Akwai na litiyam, irin na cikin waya, mara nauyi mai daɗewa, amma da tsada. Dukkansu ba sa son zafi, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40. Ke nan ba a barin batir a rana, ba a yi masa caji yana da zafi, ba a rufe shi da buhu. Duk wanda ya samu keke ya ɗauka yau da gobe kyauta yake hawa, bai ware wani abu kullum don sayen sabon batir ba, ranar da batir ya mutu sana'arsa ta mutu. Shi ya sa na fi son tsarin Kigali: batir ya zama na ƙungiya ko na mai wurin caji, mai keke ya riƙa canzawa yana biyan kuɗin wuta da ɗan abin da za a tara.

Akwai kuma haɗari, kada a ɓoye wa mutane. Batirin litiyam mara kyau, ko wanda aka huda, ko wanda aka yi wa caji da cajar da ba tasa ba, yana kamawa da wuta, wutar kuma ba ta mutuwa da sauƙi. A birnin Niyok na Amurka, a shekarar 2023 kaɗai, irin waɗannan batura sun haddasa gobara 268, mutum 18 suka rasu. In birni mai motocin kashe gobara a kowace unguwa ya ga haka, ina ga kasuwar da rumfunanta na zana da buhu da katako ne? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada a yi caji a ɗakin kwana, kada a yi a tsakiyar rumfunan kasuwa, kada a bar shi a jone a tafi barci. Shi kuma na dalma, in ya mutu kada a bari yara su fasa shi ko a narka shi a cikin gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Araha ba ta ado: wanda zai sayo mana batir ya sayo mai takardar garanti, kuma a yi yarjejeniya da mai sayarwa ya riƙa karɓar matattun.

Na uku, mai gyara. Abin da ya sa babur ɗin Boxer da Jincheng suka zauna da gindinsu a ƙauyukanmu ba kyansu ba ne, a'a, duk inda ka lalace akwai bakanike a gindin bishiya, akwai mai kayan gyara a kusa. Taya da sarƙa da birki na keken batir, mai gyaran keke na gargajiya da mai faci za su iya da su. Amma inji da batir da ɗan akwatin da ke sarrafa wutar, waɗannan sai wanda ya koya. A nan ne nake ganin Kazaure ta fi sauran garuruwa sa'a, domin ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a cikin gari, inda ake koyar da aikin lantarki da na injiniya. Me zai hana a shirya ɗan gajeren kwas na wata biyu ko uku, cikin harshen Hausa, a ɗauko masu gyaran keke da masu gyaran waya da masu haɗa sola daga kowace ƙaramar hukuma a koya musu? Kuma a sayo kekuna iri ɗaya, kada a kawo kala biyar kowanne da irin batirinsa, a rasa wanda zai shiga na wani.

Na huɗu, a san inda keken zai iya da inda ba zai iya ba. Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Wajen Kazaure da Roni akwai duwatsu da hawa da gangara, hawa kuwa yana shanye batir da wuri, gangara da kaya kuma tana son birki mai kyau. Wajen Ɓaɓura, har zuwa bakin iyakar Nijar, yashi ne, siririyar taya da nauyi a kai nutsewa take yi. Da damina kuma hanyoyin ƙauye da yawa sai a hankali, ruwa da lantarki kuwa ba sa ga maciji. Don haka kada wani ya yaudari manomi cewa wannan keke zai kwaso masa amfanin gona. Buhu ɗaya ne iyakarsa, mai ƙafa uku ya ɗan ɗara. Kwasar dawa da gero da gyaɗa da kai taki gona aikin amalanke ne da jaki, kuma za su daɗe suna yinsa. Aikin keken batir shi ne cikin gari da garuruwan da kwalta ta haɗa: daga tasha zuwa Kanti da sauran unguwannin Kazaure, daga kasuwa zuwa gidaje, kai burodi da ruwan leda shaguna, kai magani kemis, kai tumatir da kifi daga bakin dam tun ba su kwana ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kowane abin hawa kuma da hanyarsa.

Na biyar, wa zai mallaka? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Mun sha ganin an tara jama'a a fili, an jera babura ko kekunan ɗinki ko injinan ban ruwa, an yi jawabi an ɗauki hoto an raba da sunan tallafi, kafin mako ya zagayo rabinsu suna kasuwa ana neman mai saye, domin waɗanda aka ba ba sana'arsu ba ce. Idan aka bi wannan hanya da keken batir, sakamakon ba zai canza ba. Akwai mutanen da dako shi ne abincinsu tun da daɗewa: masu tura baro, masu jan kura, masu ɗauka a ka. Su suka san kowane shago da kowane lungu, su 'yan kasuwa suka yarda da su, su ne kuma za su fara rasa abinci in wani ya zo da keke ya fi su sauri. Adalci shi ne su za a fara ba, ba kyauta ba, bashi ne da za su riƙa biya kaɗan-kaɗan kullum ta hannun ƙungiyarsu har keke ya zama nasu. Abin da mutum ya biya da guminsa ba ya wasa da shi. 'Yan acaɓa ma a buɗe musu ƙofa, wanda ya ga zai iya ya shigo. Fasinja da doguwar tafiya suna nan a hannunsu, babu mai ƙwace musu.

Na shida, amana. Kai saƙo ba ƙarfe ba ne kawai, yarda ce. A ajiye littafi a tasha, a rubuta sunan mai kaya da yawan kwali da lambar keken da ya ɗauka, mai karɓa ya sa hannu ko a buga masa waya. Kowane keke a rubuta masa lamba babba a jiki. A tsayar da kuɗin dako unguwa-unguwa, a manna a bango kowa ya gani, don kada a riƙa ciniki a kan kowane kwali. In kaya ya ɓata ko ya fashe, a san wanda zai biya. Wannan zai fi taimakon mata masu sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinki da turare, waɗanda yanzu sai sun aiki yaro tasha ya bar makaranta ya je ya yi zaman jiran mota.

Na san wani zai ce, malam, muna fama da kuɗin taki da na magani kana kawo mana zancen keken Turawa. Gaskiya ne taki ya fi gaggawa. Amma ka tuna kuɗin dako yana cikin farashin duk abin da ka saya, tun daga gishiri har maganin feshi, kuma ana cire shi daga duk abin da ka sayar. Wani kuma zai ce keken yana da tsada, tunda daga waje ake kawo shi ga kuma yadda naira ta faɗi. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ban ce kowa ya je ya saya ba, ban kuma ce gwamnati ta sayo ɗari biyar ba. Cewa na yi a gwada da kaɗan. Maƙeranmu da masu walda da ke ƙera kura da amalanke da gadon ƙarfe za su iya ƙera akwatin da mazaunin kaya a nan gida, abin da za a sayo daga waje ya ragu zuwa inji da batir.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata mu yi nawa ba. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgi yana kawo kaya da yawa a kan kuɗi kaɗan, amma ba ya kai wa kowa ƙofar shago. Garin da ya tsara yadda zai kwashe ƙananan kaya daga tasha cikin sauƙi shi zai ci moriyar jirgin. Wanda bai tsara ba, sai wani kamfani ya zo daga nesa da kekunansa da yaransa, mu koma 'yan kallo a garinmu.

Daga ƙarshe ina kira ga Gwamna Malam Umar Namadi da shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, kada su fara da sayen keke, su fara da rumfar sola a bakin tasha da horar da masu gyara. Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na 'yan dako su zauna a tabarma ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ɗauki gari ɗaya, a sa kekuna biyar ko goma, a ba su shekara guda cur, su ga zafin bazara su ga ruwan damina su ga ƙurar hunturu. A rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu, a karanta wa jama'a a fili. In ya biya kuɗinsa a faɗaɗa zuwa sauran garuruwa, in bai biya ba a tsaya, asarar ba ta da yawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Su kuma 'yan'uwana masu ƙaramin jari, shawarata ita ce duk wanda ya zo muku da tallan wannan keke, ku yi masa tambaya uku kafin ku taɓa aljihu: a ina zan yi caji ranar da babu wuta, wa zai gyara mini a nan garin, kuma nawa ne sabon batir? In ya amsa dukkan ukun, ku zauna ku yi ciniki. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

 

Naka,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Kazaure, Jihar Jigawa.